Keken Ɗinki a Kusurwar Ɗaki

A gidaje da yawa akwai keken ɗinki da ya shigo tun cikin kayan ɗaki, an lulluɓe shi da zane, an ɗora masa kwanuka da rediyo. Lafiyarsa ƙalau. Amma in wando ya yi tsawo tela ake kai wa, in aljihu ya ɓarke allura da zare ake ɗauka. Wannan keken ya kamata mai zanen gini ya tuna kafin ya ɗora wa kwamfutarsa ObjectARX, kayan aikin da kamfanin Autodesk ke bayarwa kyauta ga masu son ƙera wa AutoCAD ƙarin umarni.

Sauke shi ba ya ƙara wa AutoCAD komai. Abin da ke ciki fayiloli ne na masu rubuta manhaja, da misalai, da littafin bayani. Kafin su yi amfani sai mutum ya iya harshen C++, ya kuma ɗora Visual Studio na Microsoft, shi ma ba kowanne ba, sai wanda ya dace da fitowar AutoCAD ɗin da yake aiki da ita.

Yawancin abin da ke ci wa mai zane tuwo a ƙwarya kuwa aikin allura da zare ne. Da umarnin CUI zai jera maɓallai yadda hannunsa ya saba. Action Recorder kan ɗauki matakan da ya bi, ya riƙa maimaita masa su. Ga kuma harshen AutoLISP, wanda ke cikin AutoCAD tun 1986: da 'yan layuka a Notepad za a sa shi ya tara faɗin ɗakunan bene guda, ko ya sa wa ƙofofi lamba a jere, aikin da kan cinye wa yaron ofis yini yana dannawa yana gogewa. Tun fitowar 2024 har AutoCAD LT, mai sauƙin kuɗi, yana karɓar AutoLISP. Duk waɗannan ba sa buƙatar a ɗora wani abu.

Keke na wanda ɗinki ya zame masa sana'a ne. Ofishin da ke son ƙirƙiro abin zane nasa na kansa, kamar bututun da ya san kaurinsa yake kuma gyara mahaɗarsa in an matsar da shi, ko wanda zanensa ya yi nauyin da AutoLISP ke jan ƙafa, ko mai niyyar sayar da abin da ya ƙera, shi ne ObjectARX zai yi wa rana. Sai dai ya san cewa in ya tura zanen ga injiniyan da ba shi da wannan ƙari, bututun zai bayyana masa ne kamar hoto, ya gani amma ba ya iya sarrafa shi yadda ya kamata.

Kuma keke na son mai da gyara. Da AutoCAD 2025 ya koma kan sabon tushe mai suna .NET 8, sai da masu irin waɗannan ƙare-ƙare suka sake haɗa nasu kafin su yi aiki a sabuwar fitowar. Saukewa kyauta ce, amma ɗawainiyar na dawowa duk lokacin da kamfanin ya sauya tushe.

Don haka kafin a sauke ObjectARX, shugaban ofis ya tambayi kansa: in yaron da ya rubuta mana wannan abu ya sami aiki a wani wuri, wa zai buɗe shi ya gyara? In babu sunan da ya zo masa a baki, a tsaya ga AutoLISP tukuna.