Kurmin da Ke Tafiya da Teku



Iyayenmu mata da ke zaɓen busasshen kifi a kasuwar Kejetia ta nan Kumasi sun san abin da suke nema: wanda ya yi ja-ja-ja, ya sha hayaƙi, ƙamshinsa na tashi tun kafin ya shiga miya. To, wani daga cikin kifin da ke fitowa daga bakin kogin Volta, da itacen mangurob aka yi bandarsa. Kada kunne ya ɗauka mangwaro na ce. Wannan itace ne da ke tsiro a inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, cikin taɓo mai gishiri da ba kowace bishiya ke iya jure masa ba.

In ka shiga kwale-kwale a Ada, can bakin kogin Volta, za ka gan shi. Akwai jan, wanda saiwoyinsa ke fitowa daga gangar jiki su lanƙwasa su soki taɓo, kamar mutum ya tattare wando zai haye rafi. 'Ya'yansa tun suna kan uwa suke tsiro, dogaye kamar alƙalami. In sun faɗo ruwa ya tafi da su, inda suka samu laka su kafe. Akwai kuma wanda saiwoyinsa ke leƙowa sama kamar tsinkaye don shaƙar iska, yana fitar da gishiri ta ganye. Ka lasa, za ka ji shi a harshenka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai game da wannan kurmi shi ne, bai taɓa zama wuri ɗaya ba.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka, ta riƙe ruwa mai yawan gaske, har teku ya yi ƙasa da inda yake yau da wajen mita 120. Inda masuntan Keta ke jefa taru yanzu, a lokacin tudu ne. Shaidar wancan zamani ma tana nan kusa da mu. Tafkin Bosumtwi, kilomita 30 kacal daga Kumasi, rami ne da wani dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Masana sun zaro lakar ƙasansa, a 2004 ma an yi babban haƙo a can. Ƙurar furannin da ta kwanta a lakar ta nuna cewa a zamanin sanyin nan ciyawa ce ta mamaye kewayen tafkin, ba dajin Asante da muka sani ba, ruwansa kuma ya ja baya ƙwarai.

Da ƙanƙarar ta fara narkewa, sai teku ya taso yana cin ƙasa. Mangurob ba ya iya rayuwa in ruwa ya shanye shi, ba ya kuma iyawa a busasshen tudu. Sai ya riƙa ja da baya: na gaba su nutse su mutu, 'ya'yansu su kafe can ciki inda sabon taɓo ya samu. Haka, zuriya bayan zuriya, shekaru dubbai.

Wajen shekara 7,000 zuwa 6,000 da suka wuce hawan tekun ya lafa. Nan fa kurmin ya samu sukuni. Saiwoyinsa suna tare lakar da kogi ya kawo, ganye da matattun saiwoyi suna taruwa, ƙasa na ƙara tudu kaɗan-kaɗan a ƙarƙashinsa. Yashin Volta ya gina dogon shinge a bakin teku, bayansa aka samu tafkunan Keta da Songor. Gishirin Songor ɗin nan shi ne a da ake lodawa a jiragen ruwa daga Ada zuwa Kete Krachi, a kai shi har Salaga, kasuwannin da kakanninmu fatake ke zuwa sayen goro. Kun ga ashe labarin bai yi nisa da ƙofar gidanmu ba.

Yanzu teku ya sake tasowa, fiye da milimita 3 a kowace shekara. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2020, wanda ya bi diddigin lakar tsoffin kurmin mangurob a ƙasashe masu zafi, ya gano cewa in hawan ya zarce milimita 6 zuwa 7 a shekara, da wuya kurmin ya iya tsere masa. Ba mu kai can ba tukuna. Amma damuwata ita ce abubuwa biyun da suka cece shi a da, laka da filin ja da baya, duka mun taɓa su. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, yawancin lakar Volta a bayan madatsar take kwanciya. A bayan kurmin kuma akwai gidaje da gonaki da hanyoyi.

Mutanen Keta sun gani da idonsu. Sansanin Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784, teku ya cinye wani sashensa a 1980. Ƙauyen Fuveme ruwa ya tashe shi. A Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan gaɓa.

Ban ga laifin matar da ke bandar kifi da itacen mangurob ba, da wannan sana'ar take ciyar da 'ya'yanta. A yankin Anyanui, inda babbar kasuwar wannan itace take, tun da daɗewa akwai masu shuka shi da hannu, su jira shi shekaru kafin su sare. Mutum zai tsunduma cikin taɓo har gwiwa, da damin 'ya'yan itacen a kafaɗa, yana soka su ɗaya bayan ɗaya kafin ruwa ya dawo.