Daidaita Makaɗin Sauti a Manhajar Kwamfuta

Masu nazarin furuci kan buƙaci sautin da kwamfuta ta ƙirƙira, musamman idan ana son gwada yadda kunne ke bambance karin sama da karin ƙasa. Ɓangaren manhajar da ke samar da wannan amo shi ne za mu kira makaɗin sauti a wannan maƙala. Asalinsa na komawa ga aikin Max Mathews a Bell Labs ta Amurka, wanda ya fara a 1957.

Kwamfuta ba ta riƙe sauti a dunƙule. Yanka shi take yi ɗigo-ɗigo, galibi ɗigo 44,100 a daƙiƙa guda. A nan matsalar take. Amon da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa yana buƙatar ɗigo 100 da 'yan kai, wato 100.23, a kowane zagaye. Idan aka yar da 'yan kan, amon zai koma 441. Wannan kaɗan ne, amma kuskuren na ƙaruwa yayin da amo ke yin sama: amo mai kaɗawa 3,000 na buƙatar ɗigo 14.7, in aka mai da shi 15 sai ya faɗo zuwa 2,940. Mai binciken da bai lura ba zai ɗora wa kunnen mai saurare laifin da na lissafi ne.

Maganin shi ne kada a yar da kome. Makaɗin kan riƙe matsayinsa a cikin zagaye har da gutsuren lamba, yana tarawa a kowane ɗigo. Idan matsayin ya faɗa tsakanin lambobi biyu na jadawalin da aka adana siffar amon, sai a ƙiyasta abin da ke tsakaninsu maimakon a ɗauki mafi kusa. A ganinmu, ƙiyasi bisa miƙaƙƙen layi ya wadatar ga yawancin gwajin kari, muddin jadawalin na da girma.

Akwai wata illa kuma. Duk amon da ya haura rabin adadin ɗigo, wato 22,050, juyowa yake yi ƙasa ya zama baƙon amo. Na 24,000 zai bayyana a 20,100. Siffa mai haƙoran zarto, wadda ake kwaikwayon kaɗawar tantanin maƙwallato da ita, ta fi fama da wannan. A 1996 Tim Stilson da Julius Smith na Jami'ar Stanford suka gabatar da hanyar gina irin wannan siffa ba tare da amon da ya ƙetare iyakar ba.