Kilomita nawa masu hawan keke don nishaɗi suke ci a shekara?

Wani Alhaji mai sayar da kekunan gwanjo, wanda ke bin kasuwannin bakin iyaka tsakanin Maraɗi da Jibiya, shi ne ya jawo wannan rubutu. Ya tare ni ne wata ranar kasuwa bayan mun gama ɗaukar shirinmu na rediyo, ya ja ni rumfarsa ya nuna mini kekuna biyu da suka fito daga kwantena ɗaya. Dukansu fentinsu na sheƙi, kuma kuɗi ɗaya ya saye su. To amma na farkon, mai gyara ya duba ya ce kamar ba a taɓa hawansa ba, don ko ƴan gashin roba na jikin taya ba su gama zubewa ba. Na biyun kuwa, wanda ya saya bai yi mako uku ba ya maido shi, sarƙa tana tsalle, haƙoran baya sun cinye, ya ce a ba shi kuɗinsa. Abin da ya ɗaure wa Alhaji kai shi ne, su Turawan nan da ke hawan keke ba don neman abinci ba, wace irin tafiya suke yi har ƙarfe ya cinye haka? Na ce masa, Alhaji ba ni mako guda in bincika.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne keke ba kamar mota ba ne, ba ya zuwa da mitar da ke nuna tafiyar da ya yi. Kuma su kansu masu hawan ba jinsi ɗaya ba ne, tazarar da ke tsakanin wani da wani ta fi ta mai talla da mai kanti.

A fara da ƙasar Holan, wadda duk duniya aka san ta da keke. Mutanenta kimanin miliyan 18 ne, amma kekunan da ke ƙasar sun haura miliyan 22, wato sun fi mutanen yawa. Duk da haka, idan aka raba tafiyar da ake yi a kan kowa da kowa, abin da ke faɗa wa mutum ɗaya kimanin kilomita 1,000 ne a shekara. Wannan bai kai kilomita 3 a rana ba. Kuma mafi yawan wannan tafiya ba ta nishaɗi ba ce, zuwa aiki ne da makaranta da cefane. Idan haka abin yake a ƙasar da ta fi kowace hawan keke, ke nan akwai ɗimbin kekuna a Turai da suke kwana su wuni a ɗakin ajiya. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an yi rububin sayen keke a Turai da Amurka har shaguna suka rasa kayan sayarwa, kuma ba kowane mai saye ne ya ɗore da hawa ba bayan an buɗe gari. Ina kyautata zaton keken Alhaji na farko daga hannun irin waɗannan mutane ya fito.

Sai kuma masu hawan don motsa jiki, waɗanda su ne ainihin abin da muke magana a kai. A nan lissafi ya fi jita-jita amfani, kuma ɗan kasuwa ba a koya masa lissafi. A ɗauki ma'aikacin ofis da ke fita sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi kowace fita, yana gudun kilomita 20 a awa. Ya ci kilomita 60 ke nan a mako. Amma ba zai yi mako 52 yana haka ba, domin sanyin can ba irin hunturunmu ba ne. A watan Disamba a Holan rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 4 da rabi na yamma, ga ruwan sama, ga ƙanƙara a kan kwalta. Idan muka ba shi mako 40, ya tashi da kilomita 2,400 a shekara. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, ke nan wannan mutum ya kusa zuwa Yamai ya dawo sau biyu.

Wannan adadi bai yi nisa da abin da likitoci ke nema ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Wanda ya yi minti 150 ɗin a kan keke, yana tafiya a hankali kilomita 15 a awa, zai tara kusan kilomita 2,000 a shekara. Abin da ya haura wannan, sha'awa ce ta kai mutum, ba takardar likita ba.

Masu sha'awar kuwa suna da yawa. Akwai ƙungiyoyin masu keke a kusan kowane gari na Faransa da Beljiyam da Italiya da Ingila, inda za ka ga dattawa masu furfura sun yi ayari ranar Lahadi da sassafe, cikin matsattsun kaya masu launi, su yi kilomita 80 ko 100, su tsaya su sha gahawa, su juyo gida. Ɗan ƙungiyar da ke ba keke awa bakwai a mako, yana gudun kilomita 25 a awa, yana cin kilomita 175 a mako. A mako 45 ya kusa kilomita 8,000. Adadin da da yawansu ke sa wa a gaba a farkon shekara shi ne 10,000, don kawai lamba ce mai daɗin faɗi. Kafin mutum ya cika ta sai ya yi fiye da kilomita 27 kullum ba fashi, ko kuwa kilomita 190 da ƴan kai a kowane mako. Zuwa Yamai da dawowa ke nan sau bakwai da rabi, kuma ba wanda zai biya shi ko dala.

Lokacin da sanyi ya hana fita, wasunsu sukan ɗaure keken a kan wata na'ura a cikin ɗaki, su yi ta murza feda suna kallon kwamfuta, na'urar tana ƙirga musu kilomita alhali ba su motsa daga inda suke ba. Na san mai karatu zai yi dariya, ni ma na yi. Amma mai sayen gwanjo ya lura, gumin da ke ɗiga a kan keken yana da gishiri, yana cin kusoshi da ƙarfen kan keke a ƙarƙashin robar da aka naɗe shi da ita.

Akwai wata tafiya a Faransa da ke nuna iyakar wannan sha'awa. Ana tashi daga kusa da Paris a je garin Brest da ke bakin teku a dawo, kilomita 1,200, kuma dole a gama cikin awa 90, har da barci da cin abinci a ciki. An fara ta a 1891, yanzu kuma duk shekara huɗu ake yi, ta baya an yi a 2023 da mutane sama da 6,000 daga ƙasashe da dama. Waɗannan ba ƴan tseren da ake biya albashi ba ne, malamai ne da injiniyoyi da ƴan fansho. Kafin a karɓi mutum sai ya nuna shaidar ya gama tafiyar kilomita 200, da ta 300, da ta 400, da ta 600 a cikin shekarar. Su kuwa ƙwararrun da keke ne sana'arsu, masu shiga gasar zagayen Faransa ta mako uku, sukan ci wajen kilomita 30,000 a shekara.

A nan sai na ja hankalin matasanmu masu bin waya. Akwai manhajar Strava, wadda aka kafa a 2009, da ke ƙirga wa mutum tafiyarsa ta tauraron ɗan Adam, a ƙarshen shekara ta ba shi jimla. Waɗanda ke baza jimlarsu a Facebook su ne waɗanda suka yi abin a zo a gani. Wanda ya yi kilomita 300 ya jingine keken ba ya cewa komai. Kamar kasuwa ne, mai riba shi ake ji. Saboda haka kada a ga 12,000 a waya a ɗauka haka kowane Bature yake.

Idan ana neman waɗanda suka wuce hankali, tarihi ya ajiye sunayensu. A 1939 wani ɗan Ingila mai suna Tommy Godwin ya yi kilomita 120,805 a shekara ɗaya, wato kimanin kilomita 330 kowace rana, rabin hanyar Maraɗi zuwa Yamai kullum ta Allah. Mafi yawan tafiyar a kan keken Raleigh ya yi ta, wannan dai Raleigh da iyayenmu suka hau zuwa kasuwa, mai giya huɗu kacal, kuma watannin ƙarshe sun faɗo cikin Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da aka taƙaita kunna fitila da dare. Ba a karya wannan tarihi ba sai a Janairun 2016, da wani Ba'amurke, Kurt Searvogel, ya wuce shi da kaɗan. A watan Mayun 2017 kuma wata matashiya Ba'amurkiya, Amanda Coker, ta kammala shekara da kilomita 139,326, kusan duka tana kewaya wata hanya mai tsawon kilomita 11 a wani dandali kusa da birnin Tampa. Ta kusa zagaya duniya sau uku da rabi ba ta bar jiharta ba.

Da na kai wa Alhaji wannan lissafi, sai wani mai faci da ke gefen rumfar ya sa baki, ya ce to mu namu fa? Gaskiyarsa. A ɗauki mutumin ƙauye da gidansa ke da nisan kilomita 12 daga gari, yana shigo da itace ko nono ko albasa kwana shida a mako. Zuwa da dawowa kilomita 24 ne, a mako 144, a mako 50 kuwa 7,200. Ya kusa kamo ɗan ƙungiyar Faransa, da kaya a kariya, a cikin yashi, a zafin watan Afrilu, a kan keken da ba shi da giya. Bambancin kawai shi ba ya ƙirgawa. Kuma tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayun 2023, man da ke tsallako iyaka ya yi tsada, kuɗin kabu-kabu ya tashi, na ga mutane da dama da suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Wannan ne ma ya sa kasuwar su Alhaji ta motsa.

To yaya ɗan kasuwa zai gane keken da ya yi kilomita 300 da wanda ya yi 30,000, tun da fenti ba ya faɗin gaskiya? Bature mai son kekensa yana wanke shi yana goge shi bayan kowace fita, don haka sau da yawa wanda ya fi shan tafiya shi ya fi tsabta. Sarƙa ce ke tona asiri. A keke mai giya da yawa, sarƙa takan gaji ne a tsakanin kilomita 3,000 zuwa 5,000, a yashinmu kuma ba ta kaiwa haka. A samu tef ɗin tela ko rula, a ɗora farkonsa a tsakiyar ƙusa ɗaya ta sarƙar. Idan sabuwa ce, inci 12 zai faɗa daidai a tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta wuce da milimita ɗaya da rabi, sarƙar ta isa canji. Idan ta wuce da milimita 3, to ta riga ta cinye haƙoran da take hawa, kuma sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora shi ke kawo tsallen da ya sa aka maido wa Alhaji keke. Haƙoran da suka cinye sukan yi tsini su lanƙwashe kamar ƙugiya. A kuma shafa gefen ƙarfen ƙafa inda burki ke kamawa: idan ya yi kwarmi kamar cokali, burki ya daɗe yana cinsa, yana iya fashewa a kan hanya.

Keken tsere kansa, ko da sabo ne, ba kowa za a sayar wa ba. Tayarsa siririya ce, milimita 25 zuwa 28, an yi ta don kwalta mai santsi, tana nutsewa a yashi, tsidau ɗaya ya ishe ta. Bakin tiyub ɗinsa ma siriri ne, famfon mai faci ba ya shiga sai da ɗan abin haɗi. Jikin wasunsu ba ƙarfe ba ne, goran-ruwa ne ko kuma wani baƙin sinadari marar nauyi, wanda in ya tsage mai walda na bakin hanya ba abin da zai iya yi masa. Mai ɗauko buhu daga ƙauye gara a nuna masa keken ƙarfe mai faɗin taya, wanda kayan gyaransa ke nan a kasuwa.

Alhaji ya aiki yaronsa ya aro tef wajen tela, muka auna kekuna goma sha ɗaya da suka rage a rumfar. Huɗu daga ciki sarƙarsu ta wuce milimita 3, har da wani ja da ya ajiye a gaba yana shirin sa masa kuɗi mafi tsada. Ya sa aka mayar da shi baya.