Masu Nakasa da Aikin Tsara Abincin Marasa Lafiya: Ina Ƙofar Ta Rufe?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kasuwar Sabon Gari ta ratsa Kwangila zuwa Samaru ya san yadda al'ummarmu ta haɗa nakasa da abinci. Ga makaho da ɗan jagora, ga gurgu a kan kekensa, kowa da ƙoƙonsa, mu kuma da ɗan abin da muka miƙa muka wuce. A tunaninmu mai nakasa mai karɓar abinci ne. Da wuya ya faɗo mana a rai cewa zai iya zama a bayan tebur a asibiti, cikin farar riga, yana tsara wa mai ciwon suga abin da zai ci da safe da abin da zai bari da dare.

Abin mamakin shi ne wannan hanya tana kai mutum garin da ya daɗe da yin suna a binciken abinci. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, kuma daga nan ne irin masara da wake da gyaɗa masu sunan SAMMAZ, SAMPEA da SAMNUT suka fito. Sai dai samar da iri daban, sanin abin da ya dace ya shiga cikin yaro ko majinyaci daban. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Yankin da ke cikin wannan hali bai kamata ya kori ko mutum ɗaya da zai iya wannan aiki ba.

Ta fuskar doka kam, an gama magana. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. To amma gurbin aiki sai mai takarda, kuma a ganina tun kafin a kai ga takardar ake rufe ƙofa.

Mai son karanta ilimin abinci mai gina jiki dole ya ci darussan kimiyya a sakandare, musamman Kemistiri da Bayoloji. Yaron da ba ya gani ko ba ya ji kuwa, tun yana aji uku ake karkata shi zuwa adabi ko koyarwa, sau da yawa cikin tausayi, domin malamin bai san yadda zai nuna masa gwaji ba. Hukumar JAMB ta yi abin a yaba da ta soma shirya wa makafi jarrabawa ta musamman a 2017, amma hukumar ba za ta ba ɗalibi darasin da aka hana shi tun a sakandare ba. Wanda shan inna ya taɓa, ya kuma tsallake wannan shinge, sai ya iske ɗakin gwaji a saman bene, teburin girkin gwaji kuma ya fi ƙarfin mai zaune a keke. Kafinta ɗaya zai iya gyara teburin cikin mako guda.

Mai karatu zai iya cewa aikin yana buƙatar ido, domin sai an duba kumburin ƙafar yaro, an karanta ma'auni. Haka ne, akwai sassan da makaho zai nemi mataimaki. Amma galibin aikin tambaya ne da lissafi da lallashi: me kika ba shi jiya, ludayi nawa na kunu, nawa ya rage a hannun maigida. Akwai sikeli mai magana, akwai manhajar da ke karanta rubutun kwamfuta da murya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne asarar da majinyata ke yi. A ɗauki kurmar da ta je awon ciki. Ana bayanin wake da zogale da ƙwai, ita kuma tana kallon baki, daga ƙarshe a gaya wa 'yar rakiya a taƙaice. Alhali kuramen Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano har ta wallafa littafi a 2000. Da a ce kurma ce ke da takardar aikin, da bayanin ya isa kai tsaye. Haka dattijon da ciwon suga ya cinye wa ido, aka sallame shi da takardar jerin abinci. Wanda ya rayu babu gani shi ya san yadda ake auna malmalar tuwo da tafin hannu, ya kuma san cewa mai cin abin da aka kawo masa ba shi da zaɓi, don haka mai girkin ya kamata a kira a yi wa bayani.

Masu nakasa a garuruwanmu suna da shugabanninsu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ga kuma ƙungiyoyin kurame. 'Yan siyasa sun san ƙofar gidajensu lokacin rabon shinkafa. Shugabannin sassan da ke koyar da ilimin abinci a Zariya su ma su taka, su tambayi yara nawa ne ke aji uku na ƙaramar sakandare bana, tun kafin a zaɓa musu darussa.