Yadda Ƙwaƙwalwar Yaro Ke Koyon Karatu Da Rubutu

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya kawo mini littafin aikin ɗansa mai shekara shida, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, duba mini wannan al'amari. Yaron nan wajen surutu kamar aku, amma in an ce ya rubuta bara sai ya rubuta dara. A makaranta har an fara kiransa daƙiƙi." Da na duba littafin sai na gaya masa ya kwantar da hankalinsa, domin abin da ɗansa ke yi alama ce ta ƙwaƙwalwa mai lafiya wadda take tsakiyar wani babban aiki. Wannan aiki shi nake son bayyana wa malamai da ɗalibai, don su ma su bayyana wa ƙanana.

Magana daban, karatu daban

Ba a kai jariri makaranta don ya koyi magana. Muddin yana jin mutane suna zance, kafin ya cika shekara uku ya fara haɗa jimloli. Karatu kuwa sai an koyar. Dalili shi ne rubutu sabon abu ne a tarihin ɗan Adam, bai daɗe da wuce shekara 5,000 ba tun da aka ƙirƙiro shi a ƙasar Iraƙi ta yanzu da kuma Masar. Don haka ba a haihuwar yaro da wani sashe na ƙwaƙwalwa da aka keɓe wa karatu. Dole kowane yaro ya gina nasa.

Kayan ginin kuwa suna nan. Ƙwaƙwalwar baligi, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika wa dubban 'yan uwanta saƙo. Duk hanyar saƙon da aka yawaita bi sai ta ƙara ƙarfi, kamar yadda turba ke fitowa a cikin ciyawa saboda yawan takawa. Abin da muke kira koyo ke nan.

Ina karatu yake a cikin kai?

A shekarar 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna cewa rauni a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu yana hana mutum furta magana. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya gano wani wurin, daura da kunnen hagu, wanda in ya lalace mutum ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa. Shi kuwa gani, can wajen ƙeya ake sarrafa shi. Ke nan karatu gada ce da ake ginawa tsakanin sashen gani da sassan magana.

A 1892 wani likitan na Faransa, Jules Déjerine, ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa. Mutumin yana gani, yana magana, har yana iya rubutu, amma ya kasa karanta ko da abin da ya rubuta da hannunsa. Bayan rasuwarsa aka tarar raunin yana bayan ƙwaƙwalwa ta hagu. Da na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka samu, sai Laurent Cohen da Stanislas Dehaene suka nuna a shekarar 2000 cewa a wannan yanki akwai ɗan wuri da ke motsawa duk sa'ad da ido ya faɗa kan rubutacciyar kalma. Muna iya kiransa akwatin haruffa. Wurin kusan ɗaya ne ga mai karanta boko, da mai karanta Larabci, da mai karanta rubutun Sin.

A 2010 Dehaene da abokan aikinsa suka auna manya 63 a Birazil da Fotugal. Ga waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba, wannan wuri ya fi kula da fuskoki da sauran abubuwa. Ga masu karatu kuwa ya karkata ga haruffa, har ma ga waɗanda sai da suka girma suka koya. Wannan albishir ne ga azuzuwan yaƙi da jahilci.

Asirin b da d

Tun da aron wuri karatu ya yi daga sashen gane abubuwa, sai ya gaji wata ɗabi'a tasa. Buta, ko bakinta ya dubi gabas ko ya dubi yamma, buta ce. Haka yaro ya san duniya tun yana goye, kuma wannan sani yana da amfani ƙwarai. Kwatsam sai ya zo aji a ce masa wannan sanda mai ciki, in cikin ya dubi dama b ce, in ya dubi hagu d ce. Kafin ya gama da wannan sai ga ɓ da ɗ masu lanƙwasa. Dole ƙwaƙwalwa ta warware tsohuwar ƙa'idarta game da haruffa kawai, kuma hakan yana ɗaukar lokaci. Shi ya sa juya haruffa ya zama ruwan dare tsakanin shekara biyar zuwa bakwai, daga nan ya gushe. Mu tuna kuma yawancin yaranmu da safe suna rubutu daga hagu zuwa dama, da yamma a makarantar allo daga dama zuwa hagu. Sun cancanci uzuri da yabo.

Aikin kunne da na hannu

Harafi hoton sauti ne. Kafin yaro ya amfana da shi, sai ya gane cewa kalmar gida tana rabuwa gi da da, kuma gi ɗin ma sauti biyu ne. Wannan ba ya zuwa da kansa. José Morais ya nuna a 1979 cewa manyan da ba su yi karatu ba a Fotugal suna shan wuyar cire sautin farko daga kalma. A nan ɗan Hausa ya yi sa'a, domin haruffan boko ba su cika sauya lafazi ba, saɓanin na Ingilishi. Sai dai rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Kalmar gari tana iya zama inda ake zaune ko abin da ake tuwo da shi, kuka kuma itace ko hawaye. Jimla ce ke raba gardama. Wannan ya nuna amfanin fara karatu da harshen da yaro ke ji, domin ba a gina gada zuwa gaɓar da babu ita.

Hannu ma malami ne. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiyana a Amurka ta gwada yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba. Haruffan da suka zana da hannunsu sun fi tayar da sassan karatu na ƙwaƙwalwa fiye da waɗanda suka danna a kwamfuta. Ashe allo da tawada, da zane a kan rairayi, ba abin renawa ba ne.

Yadda za a gaya wa yara

Malami na iya shigowa aji da buta, ya juya ta dama da hagu yana tambaya, "Mece ce wannan?" Sa'an nan ya yanka harafin b a kwali ya juya shi. Yara za su ga da idonsu inda ruɗanin yake, su daina ganin laifin kansu. Yana iya sa su tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa ta sunayensu. Yana kuma iya nuna musu turbar da ƙafafunsu suka fitar a filin makaranta, ya ce, "Irin wannan kuke yi a cikin kanku duk ranar da kuka yi karatu." 'Yan sakandare ma suna iya yi wa ƙannensu haka a gida.

In yaro ya haura shekara takwas yana fama duk da koyarwa mai kyau, a fara da duba idonsa da kunnensa. In lafiya suke, mai yiwuwa yana da matsalar da ake kira disleksiya, wato wuyar haɗa harafi da sautinsa. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya bayyana ta a kan wani yaro mai shekara 14, haziƙi a lissafi. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Maganinta koyarwa daki-daki da yawan maimaici. Bulala kuwa tsoro take cusawa, shi kuma tsoro yana cinye hankalin da ya kamata ya tafi ga darasi.

Shi ɗan maƙwabcina, na zaunar da shi na yi masa wasan buta. Ya yi dariya ya ce, "Ashe harafi ba ya son a juya shi." Ya zuwa yanzu yakan yi kuskuren jefi-jefi, amma da kansa yake gogewa ya gyara.