Daga turin fim zuwa tallar sitatus: Yadda matasan Marnona ke neman na kan su

Kaset ta mutu, sidi ya bi ta, turi ma ya na jan ƙafa. Wakilin mu a Sakkwato ya duba yadda masoya finafinai a yankin Wurno, Rabah da Goronyo su ka mai da wayar hannu rumfar kasuwa, da abin da ke cikin harkar na zaƙi da na ɗaci.

IDAN ka taso daga Sakkwato ka kama hanyar Goronyo, ka wuce Achida, ba za ka daɗe ba za ka iso Marnona. Gari ne na mararraba a cikin Ƙaramar Hukumar Wurno: hanya ɗaya ta miƙe zuwa Goronyo da Sabon Birni, ɗaya kuma ta karkata ta nufi Isa. Kamar kowace mararraba a ƙasar Hausa, bakin titin ba ya rasa mai shayi, mai tsire da 'yan kabu-kabu. Sai kuma teburin da duk mai son fim ya sani: teburin mai caji da turi, da ɗan janareta a gefe, da wayoyi jere kamar kifi a faranti.

Shekarun baya, sana'ar mai wannan tebur guda biyu ce rak: ya yi maka cajin waya, ya tura maka sabon fim a memori. Yau kuwa ka leƙa da kyau. Ga na'urar POS, ga katin waya da data, ga iyafis da caja a rataye. In ka karɓi lambar sa ka duba sitatus ɗin sa na WhatsApp, sai ka ga takalma, agoguna da yadin shadda, kowanne da farashin sa a ƙasa. Kayan nan ba su kan teburin, ba su ɗakin sa. Wasu ma bai taɓa riƙe su a hannu ba. Su na can Kano.

Dama can harkar saye da sayarwa ce

Wanda bai san tarihin industiri ba zai ɗauka wannan sabon abu ne. Ko kusa. Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya', fim ɗin Hausa a kan ƙafar 'yan sari ya ke tafiya. Furodusa ya gama aiki ya kai wa 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai a Kano. Daga nan dila ya ɗauko kaset a kwali ya kawo Sakkwato, ƙaramin ɗan kasuwa ya sara ya kai kasuwar Achida ko ta Goronyo, mai gidan haya ya saya ya riƙa bayarwa kwana ɗaya-ɗaya. Lokacin da 'Sangaya' da 'Wasila' su ka yi tashe, mutum nawa ne su ka ci abinci a tsakanin Kano da ƙauyen da aka kalli fim ɗin? Allah kaɗai ya sani.

Da sidi ya zo, aka ajiye kaset. Da wayoyi masu memori su ka cika gari, sidi ya kwanta, 'yan turi su ka karɓi fage. A nan dole a faɗi gaskiya ko da ba daɗi: turi ya ciyar da matasa da yawa, amma ya karya furodusoshi, domin fim ɗin da aka kashe wa maƙudan kuɗi sai ya koma ana tura shi a kan 'yan nairori, mai shi bai ga ko sisi ba. Wannan na cikin dalilan da su ka sa 'yan fim su ka koma ga shirye-shirye masu dogon zango a talbijin da YouTube. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo 'Daɗin Kowa' da 'Kwana Casa'in'. A 2020 'Izzar So' na Lawan Ahmad da 'Labarina' na Aminu Saira su ka kama gari.

To, a nan gizo ke saƙar. Fim ɗin da ke YouTube kowa mai data zai iya kallo da kan sa. Har yanzu akwai masu zuwa a tura masu, saboda tsadar data da raunin sabis a ƙauyuka, amma kasuwar ba ta kai ta da ba. Wanda ya ci kasuwar mai sidi, shi ma ga shi ana cin tasa. Shi ya sa mai turi ya fara neman abin haɗawa.

Abin da jarumai su ka riga su ka gane

Ba 'yan turi kaɗai ba, su kan su taurarin sun daɗe da gane cewa fim shi kaɗai ba ya riƙe gida. Rahama Sadau ta fito da kayan kwalliya na Sadau Beauty, ta kuma buɗe Sadauz Lounge a Kaduna. Nafisa Abdullahi ta fito da nata kayan mai suna Naf Cosmetics. Ban da masu karɓar tallar kamfanoni a shafukan su na Instagram da TikTok, waɗanda ba su ƙirguwa.

Wannan ya yi tasiri a kan 'yan kallo ta hanya biyu. Na farko, ya cire wa matasa kunyar talla. Budurwar da a da za ta ga kamar zubar da aji ne ta ce ta na sayar da turaren wuta, yanzu ta ga jarumar da ta ke so ta na tallar man shafawa da alfahari. Na biyu, fim ɗin kan sa ya zama kamar shagon nuna kaya. A fito da sabon kashi yau, gobe ka ji ana neman irin mayafin da Sumayya ta yafa a 'Labarina', ko irin hular da Umar Hashim ya sa a 'Izzar So'. Mai wayo sai ya ɗauki hoton daga fim ɗin, ya nemo makamancin kayan, ya jera su gefe da gefe a sitatus.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Jaruma ta na da miliyoyin mabiya, sunan ta ne jarin ta. Kai da ke Marnona ko Rabah, masu ganin sitatus ɗin ka 'yan ɗaruruwa ne, kuma yawancin su sun san gidan ku, sun san mahaifin ka. Wannan rauni ne, kuma shi ne ƙarfin ka. Za mu dawo kan sa.

Yadda cinikin ke tafiya

Tsarin ba shi da wuya. Yaro ko yarinya za su shiga zauren WhatsApp na wani dila, a ce a Kantin Kwari in atamfa ce, leshi ko shadda, ko kasuwar waya ta Farm Centre in kayan waya ne. Kullum dila zai zubo hotuna da farashin sari. Kai kuma ka kwashe ka ɗora ribar ka ka sa a sitatus, ko Facebook, ko TikTok. In an samu mai so, ya turo kuɗi ta OPay, Moniepoint ko banki, ka cire naka ka tura wa dila nasa. Dila ya kai kayan tasha ya ba direba, ya turo maka lambar direban. Kaya su sauka Sakkwato, a sake ɗora su a motar Goronyo, ka tsaya bakin titi ka karɓa.

A baki abin kamar ruwan sanyi. Amma bari mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce ka samu atamfa a N12,000 ka sa ta N14,000. Ka na ganin ka ci N2,000. Cire kuɗin mota daga Kano zuwa Sakkwato, cire na Sakkwato zuwa Marnona, cire data da katin da ka ƙona wajen kiran direba, cire cajin mai POS. In turmi ɗaya ka yi oda, wallahi ƙila ma kai ne za ka cika daga aljihun ka. Shi ya sa waɗanda su ka goge a harkar ba su yin odar kaya ɗaya-ɗaya. Su kan tara masu so biyar ko goma, a sa rana, a haɗa kayan a ƙulli guda, kuɗin mota ya rabu a kan kowa. Lokutan da kasuwar ta fi ci kuwa sanannu ne: gab da Ƙaramar Sallah da Babba, da bayan kaka lokacin bukukuwan aure, sa'ad da ake haɗa lefe.

Kayan da ke ƙofar gida

Abin mamaki shi ne yawancin matasa idon su na kan kayan da za su zo daga Kano, sun manta da wanda zai tashi daga nan ya tafi can. Yankin nan fa ba na wasa ba ne. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, da fadamun Wurno da Rabah, su ne su ka sa ake noman rani na albasa, tafarnuwa da shinkafa, waɗanda ake lodi zuwa kudancin ƙasar nan har da maƙwabta.

Matashin da ya tashi a nan ya san albasa mai kyau tun daga nesa. Ya san wadda ta bushe da wadda za ta ruɓe a hanya, ya san buhun da aka yi wa ado a sama aka cusa ƙanana a ƙasa. Wannan ilimi ne da ɗan birni ba shi da shi. Wanda ya haɗa shi da waya, ya ɗauki bidiyon kaya a kasuwa ya tura wa mai saye a Kano ko Ibadan, ya tsaya a kan awo da lodi, ya karɓi la'adar sa, ya fi mai tallar agogon da bai taɓa gani ba kwanciyar hankali. Dillanci ne irin na iyaye da kakanni, waya ce kawai ta shigo ciki. Haka 'yan mata masu haɗa turaren wuta, humra, yaji ko ƙuli-ƙuli da hannun su: sun san abin da su ka zuba, ba mai ba su kunya.

Inda ɗacin ya ke

Ba za a yi maganar kasuwanci a gabashin Sakkwato a tsallake matsalar tsaro ba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar, a zamanin Aminu Waziri Tambuwal, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. A watan nan dai aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, ciki har da Goronyo da Rabah. A watan Oktoba na shekarar 'yan bindiga su ka afka wa kasuwar Goronyo su ka kashe mutane da dama. Allah ya jiƙan su. Wanda duk kasuwar sa ke cikin waya, a lokacin nan ya wayi gari ba rumfa, ba kwastoma, ba hanyar jin ko kayan sa sun taso. Darasin a fili ya ke: waya rumfa ce ta aro, kada ka saki sana'ar hannu saboda ita.

A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi da ƙarancin takardun naira, masu POS sun ga ciniki, amma tiransifa ta riƙa maƙalewa, kuɗi su fita daga asusun mai saye ba su isa ga mai kaya ba, rigima ta tashi tsakanin mutanen da su ka yarda da juna.

Sai uwa-uba damfara. Ni kai na na taɓa faɗawa. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha na ga wani shafi ya na tallar takalma a farashin da ya yi araha fiye da kima. Na karɓi kuɗin abokai uku na haɗa da nawa na tura. Washegari lambar ta daina shiga, shafin ma ya ɓace. Kuɗin da na rasa bai dame ni kamar yadda zan kalli idon abokan nan ba. Sai da na yi wata uku ina biyan su da kaɗan-kaɗan. Tun daga ranar na yarda banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma alat na bogi, inda mai saye zai nuna maka saƙon an tura alhali ba abin da ya shiga. Akwai kayan da hoton su daban, abin da ya iso daban. Akwai bashi, wanda ya fi kowanne kashe ƙaramin jari, domin mai cin bashin yayar ka ce ko matar kawun ka. Sannan ga masu zuwa da sunan "kasuwancin intanet" su ce ka zuba kuɗi su ninka ba tare da ka sayar da komai ba. MMM ya rufta da jama'a a Disambar 2016, CBEX ya maimaita a Afrilun 2025. Duk harkar da ba ka ga kaya ba, ba ka ga aiki ba, sai alƙawarin riba, to kai ne kayan.

Jarin gaskiya

Mu koma kan maganar da mu ka ajiye. Mai tura wa mutum kuɗi kafin ya ga kaya, ba kayan ya saya ba tukuna, amanar mutumin ya saya. A babban birni mai cuta zai iya canza layi ya canza unguwa. A Marnona ina za ka? Gobe da asuba a sahu ɗaya za ku tsaya da wanda ka cuta. Don haka wanda ya riƙe gaskiya a ƙaramin gari, tallar sa a bakin mutane ta ke, kyauta.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in za ka shiga, fara da abin da ka sani. Kada ka yi hulɗa da dilan da ba wanda ya san shagon sa. In da hali ka je Kano sau ɗaya ka gan shi ido da ido, gani ya kori ji. Gwada shi da ƙaramar oda kafin babba. Duba asusun ka da kan ka kafin ka saki kaya. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta shiga da fita, ka raba kuɗin jari da na kashewa. In kaya sun zo da aibi, kai ka fara faɗa kafin mai su ya gano.

Mai kaset ya yi zamanin sa, mai sidi ya yi nasa, mai turi na ganin nasa ya na wucewa. Sitatus ɗin ma wata rana zai zama labari. Amma a kowane zamani akwai waɗanda in sun canza kaya, kwastomomin su ke bin su, domin tun ranar da su ka ba da hayar kaset ba su taɓa cewa fim sabo ne alhali tsoho ne ba. Allah ya ba mai nema sa'a.