Yawan Zama Wuri Ɗaya Yana Kawo Ciwo

'Yan'uwa manoma, wataƙila wani zai ce wannan magana ba tamu ba ce. Mutumin da ya wuni yana huɗa, wa zai ce masa ya motsa jiki? Gaskiya ne. Amma bari mu ji abin da likitoci suka gano, sa'an nan mu dubi ƙauyukanmu.

A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Motocin bas na can masu bene ne. Direba yana zaune duk wuni, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su farat ɗaya.

Abin bai tsaya a Landan ba. A 2012 masana suka ƙiyasta cewa rashin motsa jiki ya jawo mutuwar mutum miliyan 5.3 a duniya cikin shekarar 2008 kaɗai, kusan daidai da ɓarnar taba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 manya 31 cikin ɗari, wato wajen mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. A 2010 kuwa 26 ne cikin ɗari. Abin ya fi tsanani a ƙasashen Asiya masu arziki, da kuma yankin Indiya da maƙwabtanta. Mu a Afirka da sauran dama-dama, tun da yawancinmu da ƙarfin jiki muke neman abinci.

Ga yadda ciwon yake shiga. Tuwon da muka ci yana zama sukari a cikin jini. Tsokar ƙafa da ta hannu su ne suke shanye yawancin sukarin nan sa'ad da suke aiki. In ba su yi aiki ba, sai sukari ya yi ta taruwa a jini, kitse ya taru a ciki, hanyoyin jini su yi tauri. Daga nan ne ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suke samun ƙofa. Ba sa zuwa da zazzaɓi. Mutum yana iya yin shekaru da hawan jini bai sani ba, har ana yi masa barka wai ya yi ƙiba, ya samu hutu.

To, yanzu mu dubi gida. Gonar da iyayenmu suke zuwa da ƙafa, yau a kan babur muke zuwa. Maganin feshi ya rage noman fartanya. Injin niƙa ya ɗauke wa mata daka da niƙa, famfo ya rage tafiya rafi. Ba mu ce a koma wahalar dā ba, ko kaɗan. Matar da ta huta da dutsen niƙa ta cancanci hutunta. Sai dai aiki ya ragu, malmalar tuwo ba ta ragu ba, ga lemon kwalba ya ƙaru a kai.

Inda muka fi jin tsoro shi ne rani. Daga an gama kaka, magidanci da yawa sai inuwa da dara da hira har ruwan farko, wata biyar ko shida. Ƙarfin da jiki ya samu da damina ba a zuba shi a rumbu. Cikin 'yan makonni yake fara zubewa. Haka nan 'ya'yanmu da suke birni, masu aikin ofis da tela da direba da mai jiran shago, su ne suka fi kama da direbobin Landan ɗin nan. A riƙa faɗa musu.

Abin da Hukumar ta ce babba ya yi ba shi da yawa: aƙalla minti 150 a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Tafiya ce da sauri har numfashi ya ɗan ƙaru, amma mutum yana iya magana. Yara kuwa sa'a ɗaya kowace rana. Mai lambu a fadama ya riga ya cika nasa. Wanda ba shi da lambu, ga tara taki, ga gyaran rumbu da buga tubali, ga keke. In kasuwa ko majami'a ba nisa, a bar babur a gida. Dattijo ko mai jin ciwo a ƙirji ya fara ganin ma'aikacin lafiya, ya kuma soma a hankali.

Muna ba ƙungiyoyi shawara su sayi na'urar awon jini guda ɗaya daga asusunsu, a koya wa mutum biyu yadda ake aiki da ita, namiji da mace. A ranar taron wata a auna kowa, a rubuta a littafi. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake auna shi wata rana dabam. In har yanzu yana nan, sai a raka shi asibiti.